Ranar da Na Je Biko da Rim Mai Sheƙi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je biko Gada Biyu ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwar ba za su bar ni ba. Matata Maimuna ce ta yi yaji, wai don na kwance firjin da take sana'ar zoɓo da shi na kasa mayarwa. (Har gobe ina nan a kan bakana, firjin nan dama ya gaji.) Mahaifinta ya aiko cewa in zo in yi bayani gaban manya, in ba haka ba tana nan zaune a gidansu.

Abin hawana keke ne, tsohon keken babana tun zamanin haƙar kuza. Gangaren Jos ya sa birki ya cinye rim ɗinsa, wato zoben ƙarfen da taya take hawa, har ya yi kwarmi. Na ce ba zan shiga gidan surukai da wannan abin kunya ba. Na sayo sababbin rim guda biyu, na baje sifana a tsakar gida a Daɗin Kowa, na riƙa cire wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya ina mayar da su jikin sabon. Maƙwabcina Oga Dung ya leƙo ta katanga ya ce, "Oga, ka kai wa mai gyara mana. Ba irin wannan ne ya kore madam ba?" Raina ya ɓaci, na ci gaba da aikina.

Kuma a rubuta a ajiye, aikin ya yi kyau. Wili ya miƙe sumul, ba rawa ba karkata. Wannan ɓangaren babu mai ba da labarinsa, shi ne abin da ke ƙona mini rai. Kuskurena ɗaya ne tak: na ga rim ɗin bai yi sheƙin da zai burge surukai ba, sai na ɗauko man gyaɗa a kicin na goge shi tas, har inda robar birki take kamawa.

Hanya duk lafiya, don ban taɓa birki sosai ba sai da na shiga layin su Maimuna, wanda gangara ce zalla. Kowa ya san suruki tun daga nesa yake sauka, ya turo kekensa, ya cire takalmi ya durƙusa. Na hango Baba, mahaifin Maimuna, a ƙofar gida kan tabarma da dattawa uku suna jirana. Na matse birki. Keke ya ƙara mai. Na sake matsewa da hannu biyu, sai wani ɗan kuka da ya yi kamar ɓera.

Haka na zo na wuce su fuu, babbar riga tana tashi, ina zaune ɗare-ɗare a kan sirdi sama da kawunan manya. Don kada a ce ban da tarbiyya, na waiwaya na ce, "Baba, ina wuni," na buga ƙararrawa. (Ƙararrawar nan ban san dalilinta ba har yau.) Kwatar ƙarshen layi ce ta tsayar da ni.

Na dawo ina ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa, na durƙusa. An kira Maimuna. Ta dubi keken, ta shafa rim da yatsa ta sansana, ta ce, "Baba, man gyaɗana ne."

Baba ya dube ni ya ce, "Malam, ba sai ka yi bayani ba, mun gani." Ya juya gare ta. "Ɗauko mayafinki ki koma ɗakinki. In aka bar bawan Allahn nan shi kaɗai wata guda, ta'aziyya za mu je."

Wato duk jawabin da na tsara babu wanda ya ji, an mayar mini da matata ne a matsayin mai jinya. Na ji haushi ƙwarai, amma ban ce a'a ba. Abin da na koya shi ne, ba komai ake so ya yi sheƙi ba, kuma in za ka gaida suruki, fara gwada birki tun daga gida. Sifanata kuwa tana cikin akwatin Maimuna, makullin yana wuyanta.