Wakilin Gungu a Tsaye

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da na je kama aikin sarauta ba. Nasara bai daɗe da shigowa ƙasar ba aka tura wani hakimi ya zauna Kalgo, ni kuma na ajiye ɗinkin riguna a Gwandu na bi shi. Na fara da riƙon takalmi, na samu ci gaba zuwa ɗaukar buta, har na kai matsayin mai fara dariya in maigida ya yi raha. Da tafiya ta yi nisa sai ya naɗa ni wakilinsa a wani gungu, wato tsibirin masunta a tsakiyar gulbi. (Ruwan da na sani a duniya na rijiya ne, amma wa zai faɗi haka ana naɗa masa rawani?)

Wayyo daɗi! Na jibga riga kan riga, na aro alkyabba, rawanin kuwa na sa aka ƙara masa tudu har sai na sunkuya a ƙofar zaure. Matata ta rangaɗa guɗa, saura kaɗan in taya ta.

A bakin gulbi dattijon da zai tuƙa jirgin ya dube ni sama da ƙasa.

"Ranka shi daɗe, zamna ƙasa. Jirgin ga ba shi son tsayuwa."

In tsuguna? Ni? Ga mutanen gungu can sun yi cincirindo har da kalangu! Na ce wakilin hakimi ba ya isa wurin talakawansa a durƙushe. Na tsaya ƙyam, iska na kaɗa alkyabba. Muna kusa da gaci maroƙi ya kwararo mini kirari, daɗi ya kwashe ni, na ɗaga hannu zan yi jinjina. Jirgi ya kife.

Jama'a, na yi ihu. Na yi kalmar shahada, na kira uwata da ta daɗe da rasuwa, na yafe wa duk wanda ya taɓa cutata, ina ta dukan ruwa. Sai na ji muryar wata tsohuwa mai wankin ƙwarya daf da kunnena.

"Wakili, ɗan miƙe mana. Ruwan ga ko akuya ba shi ci."

Na miƙe. Iyakarsa gwiwa. Kalangu ya yi tsit, sannan gungu duka ya tuntsire da dariya. Na shafa kai, ba rawani. Ya warware ya bi ruwa, wani masunci ya tsamo shi ya kai Kalgo tun rigunana ba su bushe ba.

Na faɗi gaban hakimi, ina fatan ya sake naɗa mini. Ya dubi jiƙaƙƙen rawanin, ya dube ni, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Ni nan naɗa, gulbi yak kwance," in ji shi. "To ni ba ni gardama da gulbi."

Haka na koma Gwandu bakin allurata, kuma wallahi na yi kuka a hanya. Tun daga ranar, in mai jirgi ya ce in zauna, kwanciya nake yi.