Sallamar da Na Yi wa Surukaina Daga Kan Rufi

Ko tsufa ya kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa kashe wa ɗana aure saboda busasshiyar kuɓewa ba.

Ni mace ce ta gida. Daga ɗaki sai murhun kisra, wainarmu ta dawa, daga murhu sai inuwar darbejiya. Kasuwar Gadarif ma sai in yi wata ban leƙa ba. Zama ya cinye min gwiwoyi, har sai na dafa bango nake miƙewa. Da yaƙi ya koro Safa, 'yar ƙanena, daga Khartoum ta dawo wurina, ita ce ta sa min ido. A can ita da ƙawayenta na jami'a suna wani wasa wai shi barkur, mutum ya rugo da gudu ya haye katanga ya dira kamar mage. Ta nuna min a waya, na ce a'uzubillahi, wannan ai horon ɓarayi ne.

"Gwaggo, ba shi zan sa ki ba," in ji ta. "Mai farawa ba ya hawa komai. A ƙasa ake gina jiki."

Haka muka fara, kullum bayan shayin safe. In zauna a bakin angarib, gadonmu na igiya, in tashi sau goma ba dafawa. In taka bulo ɗaya in sauko. In kama reshen darbejiya in saki nauyina, ƙafafuna na taɓa ƙasa, tana ƙirga biyar. Sai rarrafe da hannu da ƙafa, gwiwa ba ta taɓa ƙasa (wannan kam ko kaji sai sun tsaya kallona). Na ƙarshe shi ne dira daga kan bulon nan, a kan yatsun ƙafa, a lanƙwashe gwiwa. Safa ta ce, "In na ji ƙararki, sake!" Wata biyu muna yi, kuma wallahi na ga amfani. Na daina dafa bango. To daga nan ne kaina ya fara kumbura.

A lokacin ɗana Usman, mai gyaran tarakta a gonakin Fashaga, yana neman wata yarinya a Showak. Uwarta, Hajja Batula, ba a yi mata wasa. Samari biyu ta kora, ba don laifinsu ba, wai iyayensu mata suna da rawar kai. Ta aiko cewa za ta zo bayan la'asar ta ga gidan da 'yarta za ta zauna. Usman ya kira ni sau uku. "Inna, don Allah, ki dai natsu."

Ana idar da azahar na aiki Safa sayen citta. Tana fita hadari ya haɗo daga gabas, irin na ƙarshen damina, ga kuɓewata shanye a kan zinkin kicin. Da ma Usman ne ya ɗora ta. Na dubi rufin, na dubi ƙafafuna, na ce wata biyu ina barkur, wannan ɗan kicin ne zai gagare ni? Na kifa barmil, durom ɗinmu na ruwa, na taka, na taka bakin taga, na tura jiki sama. Na hau kuwa! Amma turawar da na yi, barmil ya zame ya gangara gindin darbejiya.

Ban gama tattara kuɓewar a buhu ba na ji sallama. Hajja Batula ce da ƙanwarta, sun sami mota da wuri. Na kwanta rub da ciki a kan zinki, kumatuna a kan ƙarfe, zuciyata na bugawa har ina tsoron rufin zai amsa.

Safa ta shigo a bayansu. "Itfaddalu, ku zauna, Gwaggo ba ta nisa." (Gaskiya ta faɗa ba ta sani ba.) Ta shimfiɗa musu angarib, ta hau gasa jabana, ƙanshin kofi na tasowa har hancina. Ni kuwa tururuwa ta shiga tob ɗina, mayafin da na naɗe jiki da shi, ba halin in sosa.

"An ce min uwar yaron mace ce mai natsuwa," in ji Hajja. "Ko motsinta ba a ji."

"Ai ga shi ba mu ji ba," in ji ƙanwar.

Sai yayyafi. Safa ta ce su matso inuwar kicin, suka jawo angarib daidai ƙarƙashina. Ƙafata ta dama ta sage, na ce bari in ɗan miƙe ta kaɗan. Zinki ya yi ƙara, ƙwas!

"Akwai mutum a sama," in ji Hajja, murya ƙasa-ƙasa. "Maza ki kira mazan maƙwabta. Ɓarawo ne."

Na ji takun ƙanwar ta nufi ƙofa. A raina na hango maza da sanduna, na hango labari ya riga Hajja isa Showak. Na leƙo da kaina ta bakin rufi, ɗankwali a karkace, na ce, "Salamu alaikum, Hajja. Sannunku da hanya. Ya mutanen gida?"

Safa ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta ce barmil zai sake zamewa, tsani kuwa sai an shiga maƙwabta. "Gwaggo, ajiye buhun a bakin zinki kada ya yanke ki. Juyo baya, riƙe katakon rufin, saki jiki kamar a darbejiya. Kwayyis, ya yi. Saura kamu ɗaya ki taɓa ƙasa. Yatsu, gwiwa. Yalla!"

Na rataya kamar wanki, bayana na fuskantar surukata. Na yi bismillah na saki. Na dira ba ƙara ko kaɗan, a tsugune, tafukana a ƙasa kamar kwaɗo, kuma (wannan ne ya fi ƙona min rai) bakina ya suɓuce na ce, "Safa, kin ji ƙara?"

Hajja ta sha jabanarta finjali ɗaya, ba ta karɓi na biyu ba. Ta yi sallama ta tafi. Kwana huɗu ba labari. Usman ya dawo, bai ce min komai ba, abincina ma sai ya juya cokali ya tashi. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A rana ta biyar saƙo ya zo: "Ku turo manya. Amma a gaya wa uwar yaron, 'yata ba ta hawa rufi, kada a sa ta."

An yi aure, alhamdulillahi. Har yau ina zauna-tashi da taka bulo, ban kuma wuce tsayin bulon ba. Abin da na gane shi ne ƙarfin gwiwa yana iya dawowa cikin wata biyu, amma hankali ba mota ɗaya suke shigowa da shi ba.