Rasuwar Filash Ɗina, Kwana Uku Kafin Ganin Manaja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da ba zan iya ɓoyewa ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar filash ɗina mai launin shuɗi, ɗan abin ajiye bayanan kwamfuta, wanda ya rasu ranar Juma'a da hantsi yana da shekara uku da wata biyu. Tsoron kuwa shi ne, ranar Litinin zan tsaya gaban Manajan kamfanin sabulun da nake wa aikin gwaji, in bayyana dalilin da ya sa masu shaguna ba sa ɗaukar sabon sabulunmu. A kan wannan bayani ne za a tabbatar da ni ko a sallame ni, kuma duk abin da zan faɗa yana cikin marigayin.

Marigayi ya fara yi mini hidima tun ina karatun difloma a fannin kasuwanci. A watanni biyar da suka wuce, shi ya ɗauki nauyin binciken nan gaba ɗaya: rahotannin ƙidayar jama'a da na ɗauki hotonsu shafi-shafi a laburare, maƙaloli arba'in da bakwai daga rumbun mujallu na intanet wanda ba ya buɗuwa sai a kwamfutar laburaren, da jerin shafukan da na tantance, na ware masu hujja daga masu surutu. Bai taɓa ƙorafi ba. Da na soka shi a kwamfuta sai a ji "ɗin-ɗin", ya ƙyafta jan idonsa sau biyu, ya kama aiki. Ni ma ban taɓa zare shi ba sai da izininsa.

Sanin kowa ne ni mutum ne mai taka-tsantsan. Malaminmu ya sha faɗa mana cewa duk aiki mai muhimmanci a ajiye kwafinsa uku, ni kuwa huɗu na yi. Akwai Asali, akwai Kwafi, akwai Kwafin Kwafi, akwai kuma wanda na sa wa suna Kada A Taɓa. Sai dai duka huɗun a cikin marigayin na ajiye su, domin shi kaɗai na yarda da shi.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Yayata ta ga wandona a rataye, ba ta san marigayin yana aljihu ba, ta tausaya mini, ta jiƙa shi da sabulun kamfaninmu, ta wanke, ta matse, ta shanya, sannan ta bi aljihun da dutsen guga. Na garzaya da filash ɗin wurin mai gyaran kwamfuta. Ya soka shi sau uku, shiru. Ya shinshina shi, ya miƙo mini.

"Malam, wannan ai ya dahu," in ji shi. "Amma ƙamshi kam, ba laifi."

Ya rasu ya bar murfinsa, da igiyar da nake rataya shi da ita, da katin laburarena, da kuma Yaya, wadda har yanzu take cewa, "Ƙanena, a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba ka ƙi cin abinci?"

Muna godiya ga mijin Yaya, wanda ya zo ta'aziyya da shawara. Ya ce, "Kai ma dai, rubuta kashi sittin nan, kashi arba'in can, ka zana da'ira mai launi. Wane manaja ne zai je laburare ya duba?" Ina shaida cewa na yi awa biyu da biro a hannu ina kallon farar takarda, kuma har na rubuta sittin ɗin.

Godiya ta musamman ga ma'aikaciyar laburare, dattijuwa mai tabarau, wadda ta dire mini kwali a gabana yau Asabar. Ta ce, "Ɗana, duk takardar neman littafi da ka taɓa cikewa tana nan, ɗari da sha tara. Kai kaɗai kake rubuta har lambar shafi. Mako uku zai ishe ka ka sake tattara komai, in ka daina ɗiga mini hawaye a tebur."

Mako uku dai ya wuce Litinin.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi da ƙarfe goma na safe. Za a sa marigayi a kwalin ashana, a ajiye shi a durowar ƙasa ta teburina. Yaya ce za ta rufe durowar. Zaman ta'aziyya kuma a laburare, teburin da ke kusa da taga, daga Talata, ƙarfe takwas zuwa huɗu, da raɗa. Mai zuwa ya taho da biro, akwai aiki.

A ƙarshe, ina maimaita abin da na miƙe na faɗa da ƙarfi a tsakiyar laburaren, har aka juyo ana kallona: "Ranar Litinin zan shiga ofishin Manaja hannu wofi, in gaya masa abin da ya faru, in roƙi mako uku. In ya sallame ni, ya sallame ni. Ba zan rubuta lambar da ban karanta ba."