Na Raka Mamaciya Kotu

Jama'a, yau da safe na raka mamaciya kotu, kuma wallahi ta fi ni sauri a hanya.

Bari in faro muku daga tushe. Maƙwabcina mahauci ne, mutum mai faɗan baki amma ko kyanwar gida ba ta tsoronsa. Watannin baya suka yi cacar baki da matarsa, har mu na bayan katanga muka ƙoshi da ji. Washegari ta kwashe yara uku ta yi ƙauyen gwaggonta, inda waya ba ta shiga. Shi kuma girman kai ya hana shi cewa mata ta yi yaji. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ina ruwanka da iyalina?"

Tsegumi ya yi tsegumi har ya kai kunnen masu kaki. Suka zo suka tarar da wuƙaƙe da riga duk jini. A gidan mahauci fa! Da me suke so ya yanka saniya, da cokali?

Kafin la'asar babbansu, Ranka-ya-daɗe Mai Taurari a Kafaɗa, ya tara 'yan jarida, ya jera wuƙaƙen a kan tebur, ya tsugunar da bawan Allah, ya ce sun kama wanda ya hallaka iyalinsa. Aka tafa. Aka ƙara masa tauraro. Ni kaina na jinjina, don ban taɓa ganin binciken da ya riga gawa isowa ba.

To, jiya sai ga matar ta sauka da yaranta, har ta yi ƙiba. Mai shagon bakin layi ya zubar da sikeli ya ruga. Da ta ji labari ta zauna daɓas a ƙofar gida tana kuka, abin ya taɓa min zuciya ƙwarai. Na ce, "Share hawayenki, gobe da kanki za ki fito da shi."

Muka isa kotu, ba a kawo mahauci ba. Wai motar gidan yari tana layin mai. Muka tare mai gabatar da ƙara a baranda, matar ta ce, "Yallaɓai, ni ce wadda aka kashe. Ga yaran."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Baiwar Allah, kin san irin wahalar da aka sha a kan shari'ar nan? Yanzu kike so ki ɓata mana aiki?"

Na ce, "Yallaɓai, ai tana numfashi."

Ya ce, "Wannan ra'ayinka ne, malam. Ranka-ya-daɗe ya riga ya faɗa wa duniya, kuma shi kaɗai zai iya janyewa. Ya tafi hutu." Sai ya sassauta murya, ya ce in mahauci ya amsa laifi, mamatan kuma suka yafe, za a duba a rage masa.

A hanyar dawowa ƙaramar 'yar ta ja min riga. Ta ce, "Baffa, yaushe za mu daina mutuwa Baba ya dawo gida?"

Na dai ce mata ta yi haƙuri ta ƙara kwanciya kaɗan, don yanzu tashin matattu ma sai Ranka-ya-daɗe ya dawo daga hutu.