Rasuwar Jan Akwati Bayan Hutun Birni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Maigida da iyalansa na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jan akwatinsu mai taya biyu, wanda ya cika yana da shekara ashirin da uku a bakin aiki.

Maigida ya saye shi ne a shekarar da ya fara koyarwa. Tun daga lokacin marigayin bai taɓa ƙin kaya ba. An sha zama a kansa mutum biyu kafin zif ya rufu, bai yi ƙorafi ba. Kukansa ɗaya ne, na tayar hagu, ƙiii-ƙiii, wanda maƙwabta ke ji su san an dawo.

Ajali ya same shi a tafiyar hutu. Yara sun shekara uku suna naci a kai su babban birni, bana Maigida ya amince. Kayan mutum biyar aka danna a cikinsa, har da maganin hawan jinin Goggo, yayar Maigida, da sababbin zannuwan Uwargida. Da suka sauka a tasha, Auta ta hango wani dogon bene na gilashi, ta ce sai an yi musu hoto. Maigida ya saki hannun akwati, ya ja baya taku huɗu, ya ce kowa ya yi murmushi. Hoton ya fito da kyau. A gefensa ana ganin bayan wani mutum yana tafiya da marigayi, ba ya ko sauri.

Kwana biyu iyali suka yi da kayan jikinsu. A masauki ana wankewa a shanya a kan fanka, kowa na zaune ɗaure da zanin gado. Maigida ya zagaya kantin magani shida kafin ya samu irin na Goggo. Uwargida ta ɗaure masa fuska, abin da ya fi faɗa zafi.

A rana ta uku suna kasuwar gwanjo, Uwargida ta tsaya cak da riga a hannu. "Ku yi shiru," ta ce. "Namu ne." Suka bi kukan tayar har bayan rumfuna, suka tarar da wani mai shara yana jansa. Ya ce a kwata ya tsince shi, ya kuma miƙa ba gardama. An farke cikinsa da reza daga sama har ƙasa. Ɓarawon ya kwashe komai, ban da rigar Maigida mai ruwan ƙasa, wadda iyali suka daɗe suna roƙonsa ya daina sawa.

"Har ɓarawo ma," in ji Goggo.

A kansa Maigida ya ɗauko akwatin. Daga nan hutu ya gyaru: an je gidan namun daji, an hau bene mai hawa talatin, Uwargida ta yi dariya sau biyu. Bayan an dawo gida, mai gyaran jaka ya juya shi, ya girgiza kai, ya ce a yi haƙuri.

Marigayin ya bar ƙaramar jakar hannu ɗaya, da kwaɗo wanda mabuɗinsa ya ɓata tuntuni, da rigar da aka ambata.

Za a yi masa rakiya ranar Asabar da hantsi. Uwargida ta so a kai shi bola, Maigida ya ce ba a yi wa shekara ashirin da uku haka. Saboda haka za a goge shi, a naɗe shi a tsohon labule, a ɗora shi a saman kabad ɗin ɗaki. Ana karɓar gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi wanda ya saki hannunsa. Ya sani.