Kwano Mai Jan Fenti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na karanta takardar asibitin Yaya Habu a ɓoye ba. An rubuta yana da wata ƙwayar cuta a ciki, ita ke kawo masa olsa. Na kwafi sunanta na sa a waya, sai ga bayani: wai ana alaƙanta ta da ciwon suga, kitsen hanta da ƙarancin jini, kuma tana iya bin yawu. Mai hankali tausayin yayansa zai ji. Ni nama na tuna.

Asabar ɗin makon ake bikin ɗan Kawu Sale, yayan Inna, a Kusasu. Tsarin gidan kuwa samari bakwai faranti ɗaya, tsoka huɗu a kan shinkafa (in ka tsaya bisimilla mai tsawo, ƙashi ma ba naka ba ne). Muna gama wanke hannu na dafe ciki na ce, "Ni dai na fita haƙƙinku. Ina da ƙwayar olsar nan mai sa ciwon suga."

Hannaye shida suka tsaya a iska. Da na ga abin na ci, na ƙara da hawan jini, mantuwa da sanƙo. Kafin ka ce me, daga ni sai tsoka huɗu muna kallon juna.

Abin da ban lura ba, Kawu Sale yana bayana. Kawu mai ciwon suga ne, kansa kuma tal kamar bayan ƙwarya. Ya cire hula ya shafa.

"Kai, maimaita na ƙarshen."

"Kawu, ai wasa..."

"Ba kai ka sha ruwa a butata da ƙaramar salla ba? Tun lokacin nake manta inda na ajiye makullin mashin. Ashe kai ne."

Ya ɗauke farantin ban kai ko loma ɗaya ba. Aka kira Inna daga cikin mata, ta fito tana salati. Matar Kawu ta ce mai olsa ba ya cin maiƙo, ta dama min koko ba suga. Kawu ya ɗauko ragowar jan fentin da yake yi wa tumakinsa alama, ya shafa wa kwanon kokon don kada ya haɗu da na mutane. Aka zaunar da ni ni kaɗai a gindin mangwaro, 'yan biki na wucewa suna min sannu daga nesa. Wata tsohuwa har ta janye akuyarta. Abokaina shida kuwa suka cinye naman a gabana, ɗaya yana ɗaga min ƙashi.

Litinin Kawu ya goya ni zuwa asibiti a Magajin Gari, hancinsa ɗaure da rawani. Malamar asibiti (uwar wata 'yar ajinmu, don masifa) ta saurare shi ta ce, "Baba, ana binciken alaƙarsu, amma ba a ɗaukar suga a buta. Yaushe naka ya fara?"

Kawu ya yi lissafi. Ashe ciwon ya girme ni.

Ta miƙo min 'yar roba, ta faɗa da ƙarfi abin da zan zuba a ciki, layin mutane na ji.

Sakamako ya fito ba ni da ƙwayar, tsutsar ciki ce kawai. Yanzu in na ga takardar wani, tsallake ta nake yi. Kwanon kuwa yana nan gidan Kawu, a ciki ake zuba min abinci har yau.