Baitin da Ya Ɓace wa Kaka

"Lafiya lau, in ban da matakalar nan taka da ta kusa kai ni lahira. Wane irin miji ne zai bar amarya a ƙasa ya haye bene ya kulle kansa da wayoyi?"

"Amaryar da ta girmi benen? Sannu da zuwa, Kaka. Ɗaga ƙafarki, kin taka min waya."

Da hantsi ne Kaka ta iso ɗakin da jikanta yake haɗa kiɗa. Ita ta laƙaba masa suna Mai Wayoyi, kuma duk wanda ya leƙa ɗakin ya san ba ta yi masa ƙage ba. An manne bango da soso don kada sauti ya fita, ga kwamfuta a kan tebur, ga ƙaramin piyano, ga makirufo tsaye a kan sanda. Ba yawo ya kawo ta ba. Ƙanwarsa ce ta haihu a wata ƙasa mai nisa, jaririyar kuwa 'yar rigima, shi ne ta roƙa a naɗo mata waƙar renon da Kaka ta rene su da ita. Baiti biyu na farko kowa a gidan ya haddace. Na ukun ne ya ɓace wa Kaka fiye da shekara ashirin, kuma tun da a bakin mahaifiyarta ta gaje shi, babu wani mai rai da za a tambaya. Abin yana damunta, ko da yake ba ta cika faɗa ba.

Ya zaunar da ita kusa da piyanon, ya ɗora mata abin ji a kunne. Ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba ta fizge shi.

"Wa ke sara itace a cikin kaina?"

"Mai ƙirga lokaci ne. Shi za ki bi, kada ki yi sauri ko ki yi nawa."

"Na reni 'ya'ya bakwai da waƙar nan, ban da jikoki marasa kunya, babu wanda ya riƙe min agogo. Kai kanka da ita na rufe maka baki, lokacin kana da kai kamar tulu."

"Tsoron muryar ne ya sa nake yin shiru, Kaka, ba daɗinta ba."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Jiya na ji abin da kake kira kiɗa, na ɗauka injin ba da wuta ne ya lalace."

Dole ya kashe ƙas-ƙas ɗin. Sai ya ga ya kamata ya burge ta da ilimi, ya nuna mata layi biyu a fuskar kwamfuta. Ya ce na sama shi ke kama murya daga makirufo, yadda ta fito haka za ta zauna. Na ƙasa kuwa na piyano ne, ana ce masa Midi, shi ba ya kama sauti ko kaɗan, sai dai ya rubuta wane madanni aka taɓa, yaushe aka taɓa shi, da ƙarfi ko a hankali. Daga baya mutum ya ɗora wa rubutun sautin da ya ga dama.

"Au, magulmaci ne ke nan," in ji Kaka. "Bai ji me aka ce ba, amma ya san wa ya taɓa wa. Ashe har cikin akwati kuna da dangi."

Tana magana hannunta na kan madannan piyanon, tana ta fitar da ƙara mara kan gado. Ya ce ta ɗauke hannun, ta ce ba a raba tsohuwa da abin dafawa. Da ya gaji sai ya rage sautin piyanon gaba ɗaya, ya matso mata da makirufo, ya danna jan maɓalli, ya yi mata alama da yatsa.

Kaka ta rufe ido ta fara. Muryar ta tsufa, tana ɗan rawa a ƙarshen kowane layi, amma ba ta kauce ba. Yatsunta na bubbuga madannan da ba sa ƙara, kamar yadda ake bubbuga bayan jariri. Ta gama baiti na farko, ta gama na biyu, Mai Wayoyi ya kai hannu zai tsayar, sai ya ji ta wuce. Kalmomin da bai taɓa ji ba suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, ita kanta ba ta san ta shiga na ukun ba sai da ta kai ƙarshe. Ta buɗe ido tana kallonsa, farin ciki ya hana ta zagi.

Shi kuwa da ya juya ga kwamfuta sai ya ga aika-aikar da ya yi. Layin sama fes yake, ko tari bai kama ba. Garin nuna gwaninta ɗazu, layin piyano ya kunna ya bari, bai mayar da jar alamar naɗi kan na murya ba.

"Sa min in ji."

"Kaka, ko za ki ɗan maimaita na ukun? Don a samu biyu a zaɓa."

"Dube ni nan. Wannan fuskar na san ta tun ranar da ka fasa min madubi. Me ka yi?"

Ya faɗa mata gaskiya. Ta buɗe baki za ta sake rerawa, ta kama kalmar farko, ta biyun ta ƙi zuwa. Ta koma baya ta taho da gudu daga baiti na biyu, ta zo bakin na uku ta tsaya cik. Sau uku tana gwadawa. Shi ma ya laluba kansa, bai riƙe komai ba, don sauraro ya yi da zuciya ba da kunnen aiki ba. Ranta ya ɓaci sosai, shi kuma kunya ta rufe shi.

"Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata," ta ce a hankali. "Shekara ashirin ina jiran baƙo, ya zo, ka bar shi a tsaye a ƙofa. Ga wayoyi kamar gidan gizo-gizo, a rasa wadda za ta kama muryar tsohuwa ɗaya."

Yana sunkuye yana kallon aikin banzan da ya yi, sai idonsa ya kai layin ƙasa. Cike yake da ƙananan ɗigo-ɗigo tun daga farko har ƙarshe. Duk bugun da yatsunta suka yi, magulmacin ya rubuta. A wurin baiti na uku ma bugun ya sauya salo, biyu a jere, ɗan jinkiri, sannan ɗaya mai nauyi. Ya tattara ɗigon ya ɗora musu sautin ganga mai taushi. Hannunsa har ya tafi zai daidaita su kan ƙirga kamar yadda ya saba, ya fasa, ya bar su da karkacewarsu.

"Mayar da abin kunnen, Kaka. Wannan karon ba agogo ba ne, hannunki ne."

"Sai na ga jar alamar nan da idona. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake."

Ya nuna mata, ta sa yatsa a kan gilashin ta tabbatar a layin sama take. Ganga ta fara bugawa a kunnenta. Ta bi ta, baiti na farko, na biyu, da bugun ya sauya sai bakinta ya bi shi da kansa, na ukun ya fito cif har ƙarshe. Mai Wayoyi ya adana shi wuri uku kafin ya yarda ya yi numfashi.

Da ya sa mata ta lasifika, Kaka ta matso ta kasa kunne. Ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba.

"Wannan ai ba ni ba ce," ta ce. "Innata ce. Haka take jan ƙarshen nan."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta yi maza ta harare shi don kada ya samu abin faɗa.

"To, faɗi gaskiya. Tsakanina da kai wa ya iya aikin nan?"

Ya yi dariya ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama. Ke kika yi waƙar, ke kika yi kiɗan, ni kuskure kawai na kawo."

Ya karɓi wayarta ya zuba mata waƙar a ciki, tun kafin ya tura wa ƙanwarsa. Ta riƙe wayar a ƙirji da hannu biyu.

"Kuskuren ma ka iya shi, angona. Zo ka riƙe ni mu sauka, hannuna ba sarari."